Baffana, Shugaban 'Yan Falsafa

Ranar Laraba da hantsi Baffa ya cika, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa tun ina zanin goyo har na zama malamar makaranta mai 'ya'ya biyar bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata". A kwana ukun zaman makoki na ji mutane suna ba da labarinsa gutsure-gutsure, kowa da guntun da ya riƙe. Na ji tsoron idan ban tattara ba, labarin zai watse tare da masu ta'aziyya. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Ni a cikin gida na zauna, kusa da Inna, matarsa. Mata suka yi ta shigowa, da yawansu ban san su ba, sai sun gama gaisuwa su ce, "Ɗalibarsa ce ni." Wata ta zo daga Zango da goyo, wata daga Dutsi a bayan babur, mayafinta duk ya yamutse. Wata ungozoma ta zauna ta yi kuka har ta gaji, sannan ta fashe da dariya, ta ce, "Ni fa har yau idan mai jego ta ce mini wai an ce kaza, sai in ji bakina ya ce, wa ya ce? Shi ya ɓata ni."

A rana ta biyu wata tsohuwar maƙwabciya ta shafa fatiha, ta gyara zama, ta ce, "Mutumin kirki ne wallahi. Allah dai ya yafe masa falsafar nan."

Inna, wadda tun jiya ba ta ɗaga kai ba, ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Amin. Mu ma Allah ya yafe mana maganar da muke yi a kan abin da ba mu sani ba."

Abin da ya faru a ƙofar gida kuwa, maigidana ne ya ba ni labari. Ya ce dillalan shanu sun zo daga kara su fi goma, da sandunansu, kowa na cewa Malam ya koyar da shi. Wani Ibo mai sayar da kayan babur a bakin tasha ya rufe shagonsa, ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma, ya cire hula. Duk lokacin da aka ɗaga hannu za a yi addu'a, shi ma sai ya ɗaga nasa. Shi kuwa Baba, mahaifina, yana zaune yana karɓar gaisuwa, bai ce komai ba ban da "Allah ya ba da lada." Kowa na satar kallonsa, domin duk wanda ya kwana biyu a Daura ya san abin da ya taɓa shiga tsakanin 'yan'uwan nan biyu.

Kakanmu malamin zaure ne, ana ce masa Malam Babba. Da aka zo neman yara makarantar boko, ya ba da babban ɗansa, ya riƙe ƙaramin. Haka Baffa ya zama malamin tarihi a sakandare, Baba kuma ya gaji buzun mahaifinsu yana karantar da magidanta fikihu, ana kiransa Malam Ƙarami. Baffa sai da ya haifi 'ya'ya huɗu ya tafi jami'a, a can ya haɗu da falsafa, ya dawo da ita gida kamar wanda ya tsinci ɗan'uwansa da ya ɓace.

Dogon mutum ne, siriri, kullum aljihun rigarsa fari fat da alli, Inna ta yi faɗa har ta haƙura. Ba ya amsa tambaya sai ya gama tauna goron da ke bakinsa, wani lokaci har ka zaci bai ji ka ba. Idan ka zo masa da zafi kana cewa wane ya yi ƙarya, sai ya ce, "Tsaya tukuna. Faɗa mini abin da ya ce, yadda shi da kansa zai ji ya ce haka na faɗa. Bayan nan sai ka ƙaryata shi." Sau da yawa kafin mutum ya gama maimaita maganar abokin faɗansa, rabin fushin ya tafi. Idan kuwa aka tambaye shi mece ce falsafar nan da ya ɗauka da zafi, sai ya ce, "Koyon sauraron magana har ƙarshe ne, ka auna ta, ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba, ka faɗi dalili. Shi ke nan. Sauran duk sunayen mutane ne."

Su bakwai suka kafa ƙungiyar, dukansu malaman sakandare daga Daura da Zango da Dutsi. Suna da dogon suna a takarda, amma gari bai taɓa kiransu da komai ba sai 'yan falsafa. Buƙatarsu guda ce: a ba su darasi ɗaya a mako, a koya wa yara yin tunani. Suna haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata a wani ajin firamare, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Inna kan aiko da fura a babbar ƙwarya. Baffa shi ne shugaba, amma shi ne ƙarshen yin magana, kuma sau uku ina gani aka kayar da shawararsa ya ce, "To, an fi ni hujja," ya ci gaba da shan furarsa. Ni ce mace ta farko da ta shiga, shekarar da na fara koyarwa a makarantar 'yan mata. Aka ba ni littafin rubuta bayanan taro, saboda rubutun Baffa shi kansa ba kullum yake iya karanta shi ba.

Baffa ya sha shiga motar Katsina zuwa ma'aikatar ilimi da fayil a hammata, ya dawo da yamma da "a dawo wata mai zuwa". Bai taɓa zagin kowa ba. Wasu shugabannin makarantu ne suka ji tausayinsa, suka ba mu darasin ƙarshe na ranar Alhamis, lokacin da yara sun gaji, malamai sun fara sulalewa.

Ba zan manta ranar da na gayyace shi ajina ba. Ya shigo bai rubuta komai a allo ba, ya zauna a gefen tebur, ya ce, "'Ya'yana, wani uba ne ya sayo atamfa, ya ba 'ya'yansa mata biyu yadi huɗu-huɗu. Ɗaya doguwa ce irina, ɗaya gajera. Ya yi adalci?"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Ya yi!"

Ya ce, "To. Gajerar ta ɗinka riga da zane har da kallabi. Doguwar zanenta bai rufe ƙwauri ba. Ya yi adalci?"

Nan fa aji ya rabu biyu. Yaran da na shekara ina fama su buɗe baki suka miƙe suna musu, har da buga tebur. Shi dai yana tauna goro yana kallonsu. Can a bayan aji akwai wata yarinya Kirista, ita kaɗai a cikinsu, wadda ta saba zama shiru kamar ba ta nan. Baffa ya nuna ta, ya ce, "Ke 'yata ta can baya, me kika gani?"

Ta miƙe a hankali, ta ce, "Baba, ni gani na yi bai tambaye su abin da suke so su ɗinka ba."

Baffa ya diro daga tebur, ya ce, "Allahu akbar! Shekara nawa ina yin tambayar nan, ban taɓa tunanin haka ba." Ya zaro alli ya rubuta maganarta a allo, ya sa sunanta a ƙasa. Yarinyar nan 'yar Ibon nan ce mai kayan babur. Daga ranar har Baffa ya daina hawa babur, mutumin bai yarda wani ya taɓa masa shi ba sai shi da hannunsa.

Sai ga shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Gari ya cika da murna, Baffa na cikin masu murnar. Ya ce mana a taro, "Yanzu ne ma aikinmu ya zo. Alƙali ba ya hukunci sai ya ji ɓangare biyu, shaida kuma ba ya faɗin abin da bai gani ba. Wa zai koya wa yaran nan haka tun suna ƙanana?"

Ba a yi wata uku ba abu ya lalace, kuma daga cikinmu ya lalace. Akwai wani matashin malami da ya shigo ƙungiyar, sabon fitowa daga jami'a, kansa na hayaƙi. Ya shiga aji ya ce ɗalibai su kawo masa hujjar cewa akwai tashin ƙiyama, da suka kasa ya yi musu dariya. Ɗalibai suka kai gida. Kafin Juma'a magana ta zama 'yan falsafa na koya wa yara babu lahira. Malaman gari suka rubuta takardar ƙorafi a hana darasin. Sunan farko a kan takardar na Baba ne.

Ni ce na shiga tsaka mai wuya, 'yar wannan, sakatariyar wancan. Baba ya kira ni zaurensa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke matar aure ce, ba ni da ikon hana ki. Amma zuciyata ba ta tare da abin nan." Na fita ina kuka na nufi gidan Baffa, ina jiran ya ce in daure, gaskiya na tare da mu. Ya saurare ni har na gama, ya miƙo hannu.

"Kawo littafin, Uwata."

Na ce, "Baffa, korata za ka yi?"

Ya ce, "Eh. Ƙungiya za ta samu wani mai rubutu. Ke ba za ki samu wani uban ba."

Na yi fushi da shi ƙwarai a lokacin. Sai daga baya na gane cewa a ranar da ya fi buƙatar mutane a bayansa ne ya sallame ni, don kada in rasa albarkar mahaifina.

An yi zaman a zauren mai unguwa, malamai a gefe guda, shugabannin makarantu da 'yan ƙungiya a gefe guda. Ban je ba, amma daga baya Baba da Baffa kowannensu ya ba ni labari, kuma labarin nasu ya zo ɗaya, ban da wurin wanda ya fara ɗaga murya. Kowa ya ce ɗan'uwansa ne.

Baffa ya fara da abin da ba wanda ya zata. Ya ce, "Abin da yaron nan ya yi laifi ne, ba koyarwa ba ce, cin mutunci ne. Amma laifina ya fi nasa, ni na sake shi aji ban taɓa zama na ji yadda yake koyarwa ba. Ina neman gafarar iyayen yara." Sannan ya kwance wata tsohuwar gafaka, ya zaro takardu da suka yi ja don tsufa, ya miƙa wa ƙanensa.

"Malam Ƙarami, rubutun wa ne wannan?"

Baba ya duba. Ya ce, "Na Malam ne."

"Wane fanni ne?"

"Mantiki ne."

Mantiki shi ne ilimin auna hujja, wanda malaman zaure suka daɗe suna karantarwa. Baffa ya ce, "To abin da nake so a koya wa yara, ƙanen wannan ne. Idan kafirci ne, a zauren ubanmu na fara jin sa."

Baba ya ce, "Yaya, kada ka sa Malam a cikin maganar nan. Malam bai taɓa buɗe wa mutum takardun nan ba sai ya ga ya ƙoshi da fikihu da tauhidi, gemunsa ya fito. Kai kuwa 'yan shekara goma sha huɗu kake koya wa tambaya, tun ba su san amsar da za su koma gare ta ba."

Baffa ya ce, "Rediyo da kaset ba sa jiran gemunsu ya fito. Kowa na zuba musu magana a kunne. Idan ba su iya aunawa ba, duk wanda ya fi ƙarfin murya shi zai tafi da su."

Baba ya ce, "Ɗaya daga cikin masu zuba musu maganar ai naka ne."

Baffa ya gaya mini da bakinsa cewa a nan ƙanensa ya fi shi hujja. Aka tashi an hana darasin a ko'ina sai makarantu biyu, ƙungiyar da ta kai mutum ashirin ta koma huɗu.

Al'adar Baba ce kowace safiya ya je ya gaida yayansa, ya zauna su sha koko tare. Bayan zaman nan bai daina zuwa ba, amma a tsaye yake gaisuwa. "Yaya, an tashi lafiya?" "Lafiya lau, Malam Ƙarami." Sai ya juya. Inna ta ci gaba da dama koko na mutum biyu, kullum ana mayar mata da kofi ɗaya ba a taɓa ba. Haka aka yi tun daga shuka har aka kai gero rumbu.

Wata ranar Litinin bayan la'asar, ina gidanmu na kai wa mahaifiyata magani, Baba na zaure yana ba magidanta karatu. Sai na ji karatu ya tsaya cak. Na leƙa ta ƙofar cikin gida. Baffa ne ya shigo, ya cire takalmi, ya ratsa ya zauna a ƙasa a kan tabarma, tsakanin wani tela da wani mahauci, da littafi a hannunsa. Baba ya zabura ya sauka daga buzu kamar wanda wuta ta taɓa.

"Subhanallahi! Yaya, mene ne haka? Hau nan ka zauna."

Baffa ya ce, "Koma wurinka, Malam. Ka ce ba a ba mutum mantiki sai ya ƙoshi da fikihu. Na duba kaina, na ga ban ƙoshi ba. Tun ina ɗan shekara tara aka cire ni daga zauren nan. Karatu na zo."

Baba ya ƙi komawa. Ya ce, "Ba zan iya zama sama kana ƙasa ba."

"To ka janye buzun mu zauna ƙasa gaba ɗaya. Amma karatu sai ka ba ni."

Haka aka yi. Baba ya naɗe buzun ya jingine shi a bango, ya zauna a tabarma. Ya buɗe littafi ya fara fassara. Na koma ciki na tarar da mahaifiyata tana share hawaye da bakin zane.

Ba wasa Baffa ya je yi ba. Fiye da shekara biyu yana zuwa, Litinin da Talata, kuma bai bar halinsa a gida ba. Kowace mas'ala sai ya tambayi dalili, har telan nan ya kai ƙara cewa tun da Malam Babban Yaya ya zo, babi ɗaya sai a yi wata ana kansa. Baba kuwa na lura ya fara duba littattafan da ya daɗe bai buɗe ba, don kada a tambaye shi ya rasa. Koko ya dawo. Musu ma ya dawo, kowace safiya, har maƙwabta suka saba.

Baba bai taɓa cewa ya yarda ba. Abin da ya yi kawai, wata rana na je gaishe shi, yana duban wani wuri ya ce, "Ki koma ki riƙe wa Yaya littafinsa. Na ga takardar da ya rubuta, abin kunya ne a ce rubutun malami ne."

Matashin malamin nan ma Baffa bai kore shi ba, ko da yake sauran sun so. Ya sa shi zama a bayan ajinsa zango guda cur, ba ya cewa uffan, yana kallon yadda ake tambayar yaro ba tare da an kunyata shi ba. Sannan ya raka shi gida-gida wajen iyayen ɗaliban ya ba da haƙuri. A hankali darasin ya dawo wasu makarantu, bayan an tashi daga makaranta, da sunan darasin tunani. Yau mutumin nan shi ke jagorancin ƙungiyar, kuma ban san malamin da ya kai shi haƙuri da yara ba.

A ƙarshen rayuwarsa ciwon suga ya ci idon Baffa. Yakan zauna a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida, malamai su zo su karanta masa darasin da suka shirya, shi kuma ya yi ta yi musu tambayoyi irin na ɗalibi mai taurin kai. Kwana huɗu kafin rasuwarsa na zauna a bakin gadonsa, ya ce, "Uwata, zan tafi ban ga an sa shi a jadawali ba."

Na ce, "Za a sa, Baffa, an kusa."

Ya yi murmushi, ya ce, "Kada ki yi mini ƙarya don kin ga ina kwance. Ba a kusa ba. Ku dai ci gaba da shiga aji."

Bayan an yi sadakar bakwai, mutane sun watse, na je gaida Baba da safe. Na same shi a zaure shi kaɗai, littattafai a rufe. Shi ya yi wa yayansa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, duk ban ga hawayensa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa.

Can ya ce, "Kin san har yanzu ina nan a kan bakana? Yaran sun yi ƙanana. Na faɗa masa, zan kuma faɗa ko a gaban wa."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Jiya na tuna wata hujja da ban taɓa kawo masa ba. Mai ƙarfi ce. Yau da na idar da asuba na sa takalmi, sai da na kai bakin lungunsu na tuna."

Ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba sai ranar, yana da shekara saba'in da wani abu, yana cewa, "Wa zai ce mini ban yi daidai ba yanzu?"

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka da tambayoyinsa, kai ne masanin amsarsu duka. Ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Inna da Baba haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.